Inda Ake Saita Dabbar Daji, da Abin da Ke Sa Harbi Ya Kauce

Wanda ya san kasuwar Kilomita Goma Sha Biyu, can bakin Bangui inda hanyar Boali ta rabu da ta Damara, ya san irin naman dajin da ake saukewa a wurin kullum: gada ƙyafaffiya, mazo, biri, gafiya, an ɗaure su cikin buhuna da kwanduna. Mutanen unguwannin Miskine da Kilomita Biyar, musamman Musulmi, ba su cika kusantar wannan nama ba. Shanun Fulani da mahautan unguwa sun wadatar da su, kuma naman da ba ka san wanda ya kashe shi ba, ba ka san ko a tarko ya shaƙe ba, zuciya ba ta kwanciya da shi. Amma da wuya ka sami gida a nan da ba shi da ɗan'uwa a Bouar ko Bria ko Ndélé, wanda kan fita daji da bindiga idan rani ya yi, wani lokaci ma ya aiko da cinya. Saboda waɗannan 'yan'uwa, da samarin da ke sha'awar bin su, ya kamata a san yadda harbin dabba yake a zahiri.

Abin da kasuwa ba ta nunawa shi ne dabbobin da aka harba ba a same su ba. Gada ta tafi da harsashi a ciki, ta shige sarƙaƙiya, ta kwana biyu tana shan azaba kafin ta mutu, ungulu su ci. Maharbi ya dawo ba nama, ba harsashi, ba tsuntsu ba tarko. Yawancin irin wannan asara ba daga bindiga take ba. Daga abu biyu take: rashin sanin inda za a saita, da yin harbi daga nisan da hannu bai kai ba.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda miliyoyin mutane ke farautar barewar can mai ƙaho reshe-reshe, an daɗe ana nazarin wannan al'amari. Irin wannan barewa, wadda ke zubar da ƙahonta duk shekara ta sake tsiro da sabo, babu ita a Afirka kudu da Sahara. Ana samun danginta a duwatsun Tunisiya da Aljeriya. Namu su ne gada, mazo, mariya, kwanta-rafi, gwambaza, kanki da gwanki, sai kuma bongo na kurmin kudu da katon eland na Derby da ke dazuzzukan arewa da gabas, waɗanda saboda su ne Turawa masu kuɗi suka daɗe suna zuwa Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya farauta. Jikinsu ya yi kama da na barewar Turai, amma akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci, zan zo kansa.

Cikin ƙirji

Ka tambayi kowane mahauci a kasuwar Mamadou Mbaïki ya nuna maka cikin akuya idan ya feɗe, za ka ga darasin gaba ɗaya. Akwai wani tantani da ya raba cikin dabba gida biyu. Gabansa ƙirji ne: huhu biyu sun cika shi, zuciya tana ƙasa tsakaninsu, daidai saman ƙafafun gaba, manyan jijiyoyin jini suna fita daga samanta. Bayan tantanin kuma hanta ce manne da shi, sannan tumbi da hanji, waɗanda suka cinye fiye da rabin jikin. Wannan shi ne tarkon da sabon maharbi ke faɗawa. Idonsa yana kai shi tsakiyar dabba domin nan ne ya fi faɗi, alhali tsakiyar dabba tumbi ne.

Harsashin da ya ratsa huhu biyu, ko ya sami zuciya da jijiyoyin da ke samanta, yana sa jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwa. Cikin daƙiƙa goma zuwa sha biyar dabbar ta fita hayyacinta. A cikin waɗannan daƙiƙu tana iya zabura ta yi gudun mita hamsin ko ɗari, don haka gudun dabba bayan harbi ba ya nufin an kuskure ta. Wanda ya sami tumbi kuwa bai taɓa abin da ke kashewa nan take ba. Dabbar za ta mutu, tabbas, amma bayan sa'o'i masu yawa, da ciwo mai tsanani, kuma ƙazantar ciki ta riga ta watsu cikin naman.

To ina ake saitawa? Idan dabba ta tsaya a gicciye, ta ba ka gefenta sosai, ka ɗora idonka a kan ƙafar gaba, ka bi ta sama har cikin jiki. Ka raba tsayin jikin, daga ƙasan ƙirji zuwa gadon baya, kashi uku. Inda kashi na farko daga ƙasa ya ƙare, a kan layin ƙafar, nan ne wurin. Idan harsashi ya ɗan yi sama, huhu ne. Idan ya ɗan yi ƙasa, zuciya ce. Idan ya ɗan yi gaba, ya karya kafaɗa ya shiga ƙirji. Kowane ɓangare ya kauce kaɗan, akwai abin da zai samu, kuma wannan ne dalilin da ya sa duk ƙwararrun maharba na duniya suka taru a kan wannan wuri.

Bambancin da na ambata shi ne: mafarautan Amurka sun saba cewa a saita bayan kafaɗa, kuma ga barewarsu hakan na aiki. Dabbobin Afirka masu ƙaho zuciyarsu da huhunsu sun fi matsawa gaba, suna zaune tsakanin kafaɗu, tumbi kuma ya tura gaba sosai. Wanda ya saita taƙi ɗaya bayan kafaɗar gwanki ko kanki, da wuya bai sami hanta ko tumbi ba. Wani likitan dabbobi kuma maharbi da ya yi aiki a Zimbabuwe, Kevin Robertson, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan, mai suna The Perfect Shot, inda ya zana kayan cikin kowace dabba a kan hotonta. Masu jagorancin baƙin mafarauta a Afirka har yau da shi suke koyar da mutanensu. Tozon wasu dabbobi da dogon gashin wuyansu ma kan yaudari ido, mutum ya ɗauka ƙashin baya yana can sama, ya yi harbi ya wuce ta cikin tsoka kawai. Dabbar ta faɗi kamar ta mutu, bayan minti ɗaya ta miƙe ta ɓace.

Ba kullum dabba ke tsayawa yadda ake so ba. Idan ta ɗan juya maka baya, kana ganin kwiɓinta a karkace, ka manta da fatar da ke gabanka, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren. Harsashi zai shiga ta bayan haƙarƙari ya bi ta ƙirji. Wannan tsayuwa mai kyau ce idan karkatar ba ta yi yawa ba. Idan ta ɗan fuskanto ka, sai an nufi gaban kafaɗar da ke kusa, kuma ana bukatar harsashi mai ƙarfin karya ƙashi. Ga mai ƙaramar bindiga gara ya jira. Idan ta fuskance ka kai tsaye, abin da ake nema ya tsuke ƙwarai, kuskuren yatsa uku ya isa ya sa harsashi ya zame ta wajen haƙarƙari. Idan kuma ta juya baya gaba ɗaya, ba a harbi. Cinya za a lalata, hanji ya fashe, dabba ta tafi.

Akwai masu alfahari da harbin kai, suna cewa ba ya ɓata nama. A ganina wannan alfahari ne da ya kamata a daina. Ƙwaƙwalwar mazo ƙarama ce, kuma kai shi ne abin da dabba ta fi motsawa: ta ɗaga, ta sunkuya, ta waiga, duk cikin ƙiftawar ido. Kuskure kaɗan sai harsashi ya farfasa muƙamuƙi ko hanci. Dabbar da muƙamuƙinta ya karye ƙafafunta lafiya lau suke, ba mai kama ta, ba ta iya ci, ba ta iya sha, haka za ta yi kwanaki har ƙishirwa ta kashe ta. Wuya ma haka: ƙashin da ake nema siriri ne a cikin tsoka mai kauri. Asarar ɗan naman haƙarƙari ba ta kai wannan ba.

Bindiga da iyakarta

Bindigogin farauta iri biyu ne, kuma haɗa hukuncinsu wuri ɗaya yana jawo ɓarna. Akwai wadda masu Faransanci ke kira karabin, mai harsashi guda. Cikin bututunta an yi wasu siraran layuka a murɗe, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa, juyawar kuma ita ke riƙe shi a miƙe har nesa. Akwai kuma mai santsin ciki, wadda aka fi sani da kalibar 12, ita ce a hannun mafi yawan maharban ƙauye a ƙasar nan, ko ta kamfani ko ƙirar gida. Harsashinta kwanso ne cike da ƙwayoyin dalma. Wanda ake kira ziro-ziro, irin wanda kamfanin MACC na Pointe-Noire a Kwango ya cika kasuwannin yankin da shi shekara da shekaru, ƙwayoyi tara ne galibi a cikinsa, kowace ta ɗan haura milimita 8.

Mutane na ɗaukar cewa tunda ƙwayoyin suna bazuwa, ba sai an yi saiti sosai ba. Akasin haka ne. A mita goma ƙwayoyin suna tafe kusan a dunƙule, ana iya kuskure da su sarai. Suna ƙara nisa suna ƙara watsewa, kuma da yake mulmulallu ne, iska na rage musu ƙarfi da sauri. Idan aka wuce mita talatin zuwa arba'in, a cikin taran wataƙila biyu ne za su taɓa dabbar, ɗaya a cinya ɗaya a ciki, ba wadda ta isa ƙirji da ƙarfin da zai ratsa. Nan ne mafi yawan dabbobin da ke ɓacewa da rauni ke fitowa. Mai kalibar 12 aikinsa sanɗa ne: ya bi iska ta yadda za ta busa daga dabba zuwa gare shi, ya matso, ya sake matsowa. Tsofaffin maharbanmu masu baka da kibiya, da masu harba-ka-ruga da ake ɗura wa albarushi ta baki, sun san haka domin makaminsu bai ba su wani zaɓi ba. Bindigar zamani ce ta sa wasu suka yi watsi da wannan ilimi.

Ƙananan ƙwayoyi na harbin zabi da fakara kuwa ba na mazo ba ne sam, sai dai su cika masa fata da dalma. Haka kuma ziro-ziro ba na ɓauna ba ne. Ɓauna mai rauni ta kashe maharba da yawa a Afirka, ita ce ke shiga ciyawa ta jira mai bin sawunta.

Karabin tana kai wa nesa, amma ita ma harsashinta yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga. Ɗauki harsashin da ake kira .308, wanda ya yaɗu a duniya. Idan an daidaita bindigar ta sami daidai a mita 100, a mita 200 harsashin zai sauka ƙasa da wajen santimita 10 zuwa 13, a mita 300 kuma fiye da santimita 40. Iska mai matsakaicin ƙarfi da ke busowa ta gefe tana iya ture shi santimita 20 ko fiye a wannan nisa. Ga kuma matsalar ido: a fili mai ciyawa, ko a ƙetaren kwari, mutum kan yi kuskuren kimanta nisa ƙwarai. Ka ce 200 ne alhali 270 ne, harsashi ya sauka a ƙafa.

Daidaita bindiga, wato tabbatar da cewa inda ido ya nufa nan harsashi ke zuwa, abu ne da ake yi a kan takarda kafin a je daji, a wurin da hukuma ta yarda, da tudun ƙasa a baya. Ana harba uku daga zaune, bindiga a kan abin da ba ya motsi, a duba inda suka taru, sannan a gyara. Ba a gyara saiti da harbi ɗaya. Idan an canza irin harsashi sai an sake, domin kowane iri da inda yake sauka. Idan bindiga ta faɗi, ko ta sha jijjiga a kan babur daga Sibut zuwa Kaga-Bandoro, madubin saitinta na iya gocewa ba tare da an gani ba. Na san harsashi na da tsada, mai uku a aljihu ba ya son ƙona ɗaya a kan kwali. Amma wanda bai taɓa ganin inda bindigarsa ke jefa ƙwayoyi a mita talatin ba, bai san bindigarsa ba, ko da ya shekara ashirin yana rataye da ita.

Wurin da ake nema a ƙirjin mazo ko mariya bai wuce faɗin ƙaramin faifai ba, santimita 20 ko ƙasa da haka. Na gada kuwa bai kai rabin wannan ba, domin ƙaramar gadar kurmi kilo biyar ce kacal. Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Ka kafa abu mai wannan faɗi, ka harbe shi a irin tsayuwar da za ka yi a daji. Nisan da kake samunsa kowane lokaci, shi ne nisanka. Nisan da kake samu sau uku ka kuskure sau biyu ba naka ba ne, komai kyan bindigar.

Mafi yawan kuskure daga jikin mutum yake fitowa. Bindigar kamfani mai kyau tana iya tara harsasanta cikin santimita uku zuwa biyar a mita 100, amma hannun da ke riƙe da ita a tsaye, bayan tafiyar sa'a uku a rana, yana rawa fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu jagorancin farauta a Afirka ba sa rabuwa da sanduna biyu ko uku da aka ɗaure samansu, a kafa su a ɗora bindiga. Kowa na iya yanke irinsu. In babu, akwai kututture, akwai suri, akwai gwiwa. Sannan a kafa gindin bindiga sosai a kafaɗa, kunci ya kwanta a inda ya saba kwanciya, a saki rabin numfashi a tsaya, a matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta. Fizgar kunama ita ce babbar cuta. Mutum yana tsoron ƙara da dukan da bindiga za ta yi masa, sai ya runtse ido ya ture kafaɗa kafin harsashi ya fita, bakin bindiga ya sunkuya. Mai wannan cuta ba ya sanin yana da ita. Ana gane ta idan harsashi ya ƙi tashi wata rana, a ga mutum ya zabura shi kaɗai. Akwai kuma zazzaɓin ganin nama: zuciya ta hau bugawa, baki ya bushe, hannu ya ɗauki kyarma. Yana kama har tsofaffin hannu. Maganinsa a sauke bindiga, a yi numfashi, a sake ɗagawa. Idan dabbar ta tafi a tsakani, ta tafi lafiya.

A Birtaniya an yi wani bincike da aka buga a 2014, inda maharban barewa sama da ɗari suka rubuta bayanin harbi fiye da 2,000 da suka yi. Abubuwan da aka gano suna ƙara kuskure da raunata dabba su ne tsayuwar da ba ta da daɗi, gaggawa, nisa, dabba tana tafiya, da ciyawa ko reshe da ya rufe wani sashe nata. Babu ko ɗaya a ciki da kuɗi ke gyarawa, kuma kowannensu maharbi yana ganinsa kafin ya taɓa kunama. Batun ciyawa ya shafe mu musamman, domin dogayen ciyayin dazuzzukanmu kafin a ƙone su suna iya karkatar da harsashi, ko da na babbar bindiga ne.

Bayan ƙarar bindiga

Kada ka ɗauke ido. Ka ga yadda dabbar ta yi, ka riƙe wurin da take tsaye da inda ta shige, ka sake ɗura bindiga. Wadda aka samu a zuciya takan yi tsalle ta harba ƙafafun baya, ta zura da gudu kai a ƙasa. Wadda aka samu a ciki takan gantsare baya, ta tafi a hankali kamar mai jin sanyi. A wurin da ta tsaya, jini zai yi maka bayani. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, tana kusa. Ja mai duhu sosai, hanta ce, za ta ɗauki lokaci. Ruwa-ruwa mai kore da ɗoyi da ɓarɓashin ciyawa, tumbi ne. Gutsuren ƙashi da jini kaɗan, yawanci ƙafa ce. Wani lokaci ba jini ko ɗigo a farkon sawu alhali harbin ya yi kyau, jinin yana taruwa a cikin ƙirji. Saboda haka duk harbin da aka yi sai an je an duba, an bi sawu, kafin a ce an kuskure.

A nan akwai wurin da Musulmi zai tsaya ya yi tunani. Littattafan farautar Turawa suna cewa a jira kamar rabin sa'a kafin a bi dabba, idan kuma a ciki aka same ta a jira sa'o'i da yawa, domin idan ba a kore ta ba za ta kwanta kusa, idan aka taso ta kuwa sai ta yi nisan da ba za a gan ta ba. Maganarsu gaskiya ce a ƙasar sanyi. Mu kuwa muna da zafin da ke ɓata nama cikin 'yan sa'o'i, muna da kuraye, muna kuma da fiƙihu.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanenmu daga Kano har Bangui, ana ambaton sunan Allah lokacin sakin harbi, da niyyar halatta dabbar. Makamin dole ya huda ya fitar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya kashe da tsininsa da abin da ya kashe da duka, na biyun ba a ci. Malaman Malikiyya na baya sun duba harsashin bindiga suka halatta abin da ya kashe, domin yana hudawa fiye da kibiya. Idan ka iske dabbar da sauran rai, kuma harbin bai sami makasarta ba, wajibi ne ka yanka; in ka yi sakaci har ta mutu, ta zama mushe. Mukhtasar na Shaihu Halil ya kawo misalan wannan sakaci, har da jinkirin bin dabba ba dalili, da barin wuƙa a cikin jaka ko a hannun wani da ke baya. Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta yi maganar dabbar da ta kwana ba a gan ta ba, cewa ba a cin ta, duk da akwai saɓani a kan wadda aka iske makami ya sami makasarta. Wanda ke farauta ya zauna da malaminsa a kan waɗannan dalla-dalla. Abin lura shi ne, duk wannan ruɗani na jira ko bi, na kwana ko rashin kwana, harbin ciki ne ke haifar da shi. Dabbar da aka ratsa wa huhu biyu tana kwance a ƙasa da mita ɗari kafin maharbi ya gama ɗura bindiga.

Risalar ta kuma ce farauta don wasa kawai makaruhi ce. Hadisin Shaddadu ɗan Aus, na goma sha bakwai a cikin Arba'una ta Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya umarci a kyautata ko da wajen kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. An kuma hana mayar da mai rai abin gwajin saiti. Mai harbin garke daga nesa da fatan ko ɗaya za ta faɗi ya saɓa wa wannan duka.

Idan dabba ta faɗi, a zo mata ta baya, bindiga a shirye. Ƙahon mazo da kofaton gada suna yanka. A yanka, a fitar da kayan ciki da wuri, a rataye a inuwa. A yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi a zubar, a tsince ƙwayoyi, domin dalma guba ce, ta fi illa ga yara da masu ciki. Mutanen Zamfara sun ga abin da ta yi a 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Dabbar da aka tsinta a mace kuwa ba a taɓa ta. Cibiyar Pasteur ta Bangui ta daɗe tana bin cutar ƙyandar biri a yankin Lobaye, kuma taɓa naman daji na cikin hanyoyin kamuwa da ita.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Ba a harbin motsin ganye, ba a harbin ƙara, ba a harbin ƙyallin ido. Farautar dare da fitila a goshi ta yawaita domin gada na tsayawa cak idan haske ya dalle ta, amma doka ta hana, kuma da ita ne ake harbe abokin tafiya, ko mai neman zuma, ko saniyar makiyayi, abin da a ƙasar nan kan iya tayar da rikicin da ya fi ƙarfin ƙauye. Kafin a taɓa kunama sai an ga dabbar gaba ɗaya, an san irinta, an ga ko tana da ɗa a bayanta, an kuma san abin da ke bayanta. Harsashin karabin yana ratsa dabba ya wuce, idan kuma aka harba shi sama-sama yana tafiyar kilomita uku ko fiye. Dabbar da ke kan tudu, sama ce kawai a bayanta, ba a harbinta. Bindigar ƙirar gida da ba a san ƙarfin ƙarfenta ba takan fashe a hannu, yatsu da idanu da yawa sun tafi ta haka.

Mutanen Miskine da Kilomita Biyar ba sa bukatar a gaya musu abin da bindiga ke yi a cikin gari. Sun gani tun daga rikicin 2013. A ƙarshen shekarar ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa ƙasar takunkumin makamai, kuma masu binciken Majalisar sun sha ba da rahoton yadda harsasan farauta ke ƙarewa a hannun masu ɗauke da makamai. Don haka riƙe bindigar farauta a nan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tana bukatar izinin mallaka, farautar kanta tana bukatar lasisi daga Ma'aikatar Ruwa, Gandun Daji, Farauta da Kamun Kifi, kuma a 2020 an yi sabuwar dokar namun daji da ta maye gurbin ta 1984. Giwa, gorila da raƙumin dawa ba a taɓa su ko kaɗan. Gandun Bamingui-Bangoran, da Dzanga-Ndoki, da Manovo-Gounda St Floris ba wuraren farauta ba ne. Na ƙarshen nan UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, a 1997 kuma ta mayar da shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda ɓarnar mafarautan sata. Karkanda da ke yawo a can a da, yau babu ko ɗaya.

Saurayin da ke son koyon farauta ya fara da neman takardunsa, sannan ya bi dattijon maharbi ba tare da bindiga ba, ya koyi iska da sawu, ya tsaya kusa da mahauci ya ga inda zuciya take. Masu 'yan'uwa maharba a ƙauye kuma, idan an zo gaisuwa, ku tambaye su nisan da suke harbi da kalibar 12. Idan amsar ta wuce taku arba'in, ku roƙe su su rage.